Ɗan ƙaran da ya tashi jaririya

Yau da asuba ina aiki a baƙin allon rubuta umarni na Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutata, na danna maɓallin Tab, mai ƙarasa wa mutum rubuta umarni, inda babu abin da zai cike, sai kwamfutar ta yi "ƙiiit", jaririyarmu ta farka da kuka. Alhali na kashe sauti gaba ɗaya! Ashe wannan ƙaran ba ya bi ta katin sauti, wata 'yar lasifika ce a jikin allon uwa, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, gadon IBM PC na 1981. Harafi mai lamba 7 a jerin ASCII, tsarin da ke ba haruffan kwamfuta lambobi, wanda a da yake kaɗa ƙararrawar gaske a injinan teletayif masu aika rubutu ta waya, shi kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa sassan kwamfuta, ke mayarwa ƙara mai 750 Hz na milisakan 125. Ina jijjiga yarinya a kafaɗa, ɗaya hannun yana buɗe fayilolin kanel ɗin.

Na san ana iya cire pcspkr, ɓangaren kanel da ke kaɗa wannan lasifikar, a huta, amma ai an jefar da saƙon ke nan tare da ƙaran. Kurma ma fa yana bukatar ya san an yi kuskure. Shi ya sa na zauna na rubuta 'yar shawara: kanel ya daina kaɗa lasifikar da kansa, ya miƙa labarin ga duk manhajar da ta nema, ita ta zaɓa, ko walƙiyar allo, ko sauti mai laushi, ko shiru. In babu mai nema, a bar shi yadda yake. Gyaran bai cika shafi ɗaya ba, amma na fi awa ina kallonsa kafin na tura wa masu kula da kanel, gabana na faɗuwa. Yarinya ta koma barci tuntuni, ni kuwa har yanzu ina tunanin ko akwai wanda wannan ƙaran kaɗai yake gaya masa injinsa na da rai.