Inda Na Kai a Nazarin Taga da Zafin Ɗaki a Sakkwato

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan koyo. Tun shigowar hunturu nake bin sawun rana da kayan aiki uku: ɗan ɗakin kwali mai taga gabas, yamma, kudu da arewa, da ma'aunin zafi, da sandar da na kafa a tsakar gida domin duba inuwa. Yanzu da bazara ta kankama, ga abin da ya bayyana mini.

Sakkwato tana kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ba kullum rana take ratsawa ta kudu ba, kamar yadda littattafan da aka rubuta domin Turai suke koyarwa. A watan Disamba, idan rana ta take tsaka, tana karkata kudu, kusurwar tsayinta daga doron ƙasa ba ta wuce digiri 54 ba (digiri 90 shi ne daidai saman kai), kuma na ga haskenta ya shigo ta tagar kudu ya kwanta a ƙasan ɗakin kwalin. Wannan bai dame ni ba, domin lokacin sanyi ne, ga ƙurar hunturu tana rage mata kaifi. Zuwa ƙarshen Maris ta haura digiri 77, inda 'yar rumfar saman taga mai faɗin santimita 30 ta isa ta rufe taga mai tsawon mita ɗaya da tsakar rana. A ƙarshen Afrilu inuwar sanda takan koma gindinta, daga nan rana ta koma arewa har tsakiyar Agusta. Mai son gwadawa ya lura cewa a nan rana ba ta take tsaka da sha biyu daidai, sai wajen sha biyu da rabi ko bayan haka kaɗan.

Tagar yamma ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma a ganina ita ce babbar matsalar gidajenmu na bulo. Daga la'asar rana takan sauko ta fuskanci gilashi kai tsaye, a daidai lokacin da zafin iska ya haura digiri 40 a Afrilu, bango kuma ya wuni yana shan zafi. Rumfa ba ta da tasiri a nan, domin hasken ta ƙarƙashinta yake shigowa. Gabas ma tana samun irin wannan hasken da hantsi, amma ɗakin yana da sauran sanyin asuba.

Na gwada labule daga ciki, sannan na rataya guntun asabari daga waje. Labulen ya tare haske, amma da na taɓa shi na ji ya ɗauki zafi, zafin kuwa a cikin ɗaki yake sakinsa tunda ya riga ya ƙetare gilashi. Asabarin ya tare rana tun kafin ta iso, ma'auni kuma ya nuna bambanci a fili. Wannan ya ƙara mini girmama maginan gargajiya, waɗanda suke yin soro da bangon ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi can sama.

Abin da ya rage shi ne tagar arewa. A watan Yuni rana tana fitowa ta arewa maso gabas, ta faɗi ta arewa maso yamma, don haka ina so in auna yadda take lasar wannan bangon safe da yamma kafin hadarin damina ya yawaita. Wanda yake da bishiyar dogon yaro a yammacin ɗakinsa, don Allah ya auna zafin ɗakin da la'asar mu kwatanta.