Tsarin fayil ɗin da sabarka ba ta buƙata, rufe shi

Sabar Linux kan zo da tarin modul (guntayen manhaja da ake lodawa idan an buƙace su) na tsarin fayil waɗanda mai ita ba zai taɓa amfani da su ba: cramfs, freevxfs, jffs2, hfs, hfsplus, udf. Wasu na tsofaffin kwamfutocin Apple ne, wasu na ƙananan na'urori, udf kuwa na faifan DVD. Matsalar ita ce karnel, wato zuciyar Linux, kan loda su da kansa da zarar an nemi haɗa faifai mai irin wannan tsari. Tsohon kod ne da ba kowa ke dubawa ba, kuma faifan da aka lalata da gangan na iya cin gajiyar kuskuren da ke ciki. Shi ya sa jagororin tsaro na cibiyar CIS (Center for Internet Security) suka sa rufe su a sahun farko.

Kafin a taɓa komai, a duba abin da ake amfani da shi. `findmnt` zai nuna duk abin da ke haɗe yanzu, `lsmod` kuma modul ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwa.

Sai a buɗe fayil a `/etc/modprobe.d/`, a ce `rufe-fs.conf`. Dole sunan ya ƙare da `.conf`, in ba haka ba modprobe, umarnin da ke loda modul, ba zai kalle shi ba. Kowane modul layi biyu:

`install cramfs /bin/false`
`blacklist cramfs`

Mutane da yawa kan tsaya a layi na biyu, alhali shi kaɗai bai isa ba. `blacklist` yana hana lodawa ta laƙabi (alias, wani suna na daban da modul ke amsawa) ne kawai, wanda ya rubuta `modprobe cramfs` kai tsaye zai samu. Layin `install` shi ne ke maye gurbin lodawar da wani umarni daban. Akwai masu sa `/bin/true`, amma a ganina `/bin/false` ya fi, domin yana fito da kuskure a fili. Da `/bin/true` sai abin ya yi shiru kamar ya yi nasara, mai gyara ya ɓata awa guda yana neman inda gizo ke saƙa.

In modul ɗin ya riga ya hau, `modprobe -r cramfs` zai sauke shi. A gwada da `modprobe -n -v cramfs`, amsar ta zama `install /bin/false`. Daga nan a sabunta initramfs, ƙaramin tsarin da ake lodawa a farkon tashin na'ura: `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, `dracut -f` a dangin Red Hat.

Inda ake ƙona hannu shi ne kwafar jerin wani ba tare da tunani ba. Na'urar da ke tashi ta UEFI, tsarin kunnawa na kwamfutocin zamani, tana haɗa `/boot/efi` da vfat. In aka rufe shi kuma layinsa yana cikin `/etc/fstab`, jerin abin da ake haɗawa lokacin tashi, sabar na iya faɗawa yanayin gaggawa a tashi na gaba, kuma SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ba zai kai ka wurin ba. Fakitin manhaja na snap duka tsarin squashfs suke amfani da shi. Manhajar Docker tana dogara da tsarin overlay. A Azure kuwa, dandalin hayar saba na Microsoft, bayanan farko na sabuwar na'ura suna zuwa ne a faifai mai tsarin udf, don haka rufe shi a hoton faifai (image) da za a riƙa kwafa yana hana sababbin na'urori kammala shiri.

Akwai kuma wanda aka gina cikin karnel ɗin kansa, wannan modprobe ba shi da iko a kai. A duba `/boot/config-$(uname -r)`: `=m` modul ne, `=y` a gine yake, sai dai a sake harhaɗa karnel.

Duk wannan bai hana mai ikon root (cikakken iko a kan na'ura) ba, tunda `insmod`, umarnin da ke loda modul kai tsaye, ba ya karanta waɗannan fayiloli. Mai son kulle ƙofar gaba ɗaya sai ya sa `kernel.modules_disabled=1` bayan komai ya gama tashi. Ba a mayar da shi sifili sai an sake kunna na'urar, saboda haka a tabbata katin sadarwa da katangar tsaro sun loda nasu tukuna.