Ɗigo nawa a minti ɗaya?

Da zarar damina ta sauka, ɗakin yara na asibiti kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. A lokacin ne nake yawan ganin ɗalibanmu na ɗaura ƙarin ruwa su saita ɗigo da ido kawai. Abin yana damuna ƙwarai, domin ruwan da aka zuba magani a ciki ba a yi masa kintace.

Ga misalin kwinin. Maganin atesunet ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a zazzaɓi mai tsanani, amma ran da babu shi, kwinin muke komawa. Zubin farko miligiram 20 ne a kan kowane kilo, cikin ruwan sukari mai kashi 5, mililita (mil) 10 a kan kowane kilo, ya shiga jiki a hankali cikin awa 4. Yaro mai kilo 12 zai samu miligiram 240 ke nan. Kwalbar allurar tana da miligiram 600 a mil 2, sai a zuƙi mil 0.8 a zuba cikin ruwa mil 120.

Kilon nan kuwa daga sikeli zai fito. Idan yaro ya kasa tsayuwa, uwa ta hau riƙe da shi, ta sake hawa ita kaɗai, a cire nata. Shekaru ba sa nuna nauyi, balle ga mai tamowa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne robar ƙarin ruwan. Kafin in farke ledarta sai na karanta abin da aka rubuta. Ta manya yawanci ɗigo 20 ne mil ɗaya: 120 sau 20, a raba da minti 240, ɗigo 10 a minti. Ta yara ɗigo 60 ce, don haka 30 a minti. Wanda ya ƙirga 30 a robar manya, ruwan awa 4 zai ƙare cikin awa ɗaya da minti 20. Kwinin da ya shiga da wannan gudu yana iya kayar da ƙarfin jini, ya rikita bugun zuciya, ga shi dama yana rage sukari.

Ina ƙirgawa da agogo minti guda cikakke, in sake dawowa in ƙirga, don ko lanƙwasa hannu yaro ya yi gudun ruwan ya canza. Mai jinya kuma tun da wuri nake gaya mata: "Mama, don Allah kada a murɗa wannan. In kin ga ya tsaya ko wurin ya kumbura, ki kira ni."