Ranar da Aka Ɗibi Jinin: Abin da Na Koya Game da Homon da Tsatsar Ƙwayoyin Jiki

Lokacin da na fara bincike a kan alaƙar homon na haihuwa (sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini don sarrafa aikin haihuwa) da tsatsar ƙwayoyin jiki, na riga na yanke hukunci tun kafin in ɗibi jinin kowa. Tsatsar da nake nufi ita ce wadda masanin nan ɗan Jamus, Helmut Sies, ya raɗa wa suna a 1985, wato yanayin da guggubin oksijin da jiki ke samarwa yayin ƙona abinci ya fi ƙarfin sinadaran da ke share shi, har ya fara cin kitse da furotin da ke cikin ƙwayoyin halitta. An koya mana cewa istirojin, babban homon na mata, garkuwa ce daga wannan ɓarna, kuma akwai dalili: a ƙirarsa yana da zobe irin na bitamin E, kuma a cikin kwalbar gwaji yana hana kitsen jini lalacewa. Abin da ban lura da shi ba shi ne cewa yawan da ake zubawa a kwalba ya zarce wanda ke yawo a jinin mace nesa ba kusa ba.

Darasina na farko ya zo ne ta bakin malamar da ke duba aikina. Na jera mata kwalaben jini, kowace da lambarta da shekarun mai ita, ina jin na yi ƙoƙari. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, rana ta nawa ce a zagayen al'adarta?" Ban da amsa, domin ban tambayi ko ɗaya daga cikin matan ba. Ta ajiye kwalbar a hankali ta ce jinin da ba a san ranarsa ba labari ne da aka yanke masa kai.

Daga baya na gane nauyin maganarta. A kwanakin haila istirojin yana ƙasa, sai ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa gab da lokacin da homon LH, mai tunzura fitar ƙwai, ke yin tashin gwauron zabi, kuma bayan wannan tashin da kamar kwana ɗaya da rabi ƙwai ke fita. Daga nan furojestaron, homon da ke shirya mahaifa don ɗaukar ciki, ke karɓar ragama, ya kai matuƙarsa kimanin mako guda bayan fitar ƙwai. Rabin zagaye na biyu yakan tsaya kusa da kwana 14, amma na farko yana tsawo yana gajarta daga mace zuwa mace, har ma daga wata zuwa wata a jikin mace ɗaya. Saboda haka "rana ta 14" da muke haddacewa ta mai zagayen kwana 28 ce kawai, kuma matan da aka ɗibi jininsu a rana ɗaya suna iya kasancewa a matakai mabambanta ƙwarai.

Binciken da ya girgiza tunanina shi ne wanda ake kira BioCycle, da aka gudanar a Jami'ar Buffalo da ke jihar New York a Amurka tsakanin 2005 da 2007. An bi mata 259 masu shekara 18 zuwa 44 har tsawon zagaye biyu, ana ɗibar jininsu har sau takwas a kowane zagaye, kuma ba a dogara da kalanda ba, da na'urar gwajin fitsari aka riƙa tsayar da ranakun. A rahoton da Enrique Schisterman da abokan aikinsa suka fitar a 2010, sinadarin F2-aisofurostan, wanda ake ɗauka a matsayin mafi ingancin alamar lalacewar kitse, ya riƙa ƙaruwa ne tare da ƙaruwar istirojin, ba raguwa ba, sannan yana yin ƙasa idan FSH, homon da ke raya jakar ƙwai, ya yi sama. Na karanta wannan rahoto ya fi a ƙirga, ina neman inda suka yi kuskure, ban samu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne takatsantsan ɗinsu: sun ce sakamakon ya sa alamar tambaya a kan tsohon ra'ayi ne idan har wannan sinadari yana auna tsatsa ita kaɗai, kuma ba su ce istirojin ne ke haddasa ta ba.

Wannan ya tilasta mini sake duban guggubin oksijin kansa, wanda na daɗe ina yi wa kallon abokin gaba. Tun 1980 Lawrence Espey ya kawo ra'ayin cewa fitar ƙwai tana kama da kumburi, domin sai bangon jakar ƙwan ya yi laushi ya fashe. A 2011 masu bincike a Cibiyar Weizmann suka nuna cewa sa sinadaran hana tsatsa a gidan ƙwan ɓeraye yana rage yawan ƙwan da ke fita. Ƙera homon ɗin ma kansa aiki ne da ke zubar da guggubi, haka kuma rushewar curin rawaya, wato ragowar jakar ƙwan da ke samar da furojestaron, a ƙarshen zagaye. Shi ya sa nake damuwa idan na ji ana tallata wa masu neman haihuwa ƙwayoyin hana tsatsa kamar yawansu alheri ne zalla, ko da yake na san binciken ɓera ba hukunci ne a kan mace ba.

Sauran darasin hannu ne ya koya mini. Gwajin da muka fi amfani da shi saboda sauƙinsa shi ne wanda ake dafa ruwan jini da wani asid har ya koma ruwan hoda, amma wasu sinadaran da ba ruwansu da tsatsa su ma suna ba da wannan launi, kuma zafin dafuwar kansa yana ƙara lalata kitsen. Jinin da ya daɗe a kan tebur yana ci gaba da tsatsa a cikin kwalba, don haka dole a raba shi da wuri a sa shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Na sake aikin daga tushe, kuma a sabuwar takardar da na tsara, kafin lambar kwalba akwai gurbi uku: ranar da hailarta ta fara, sakamakon gwajin LH na fitsari, da mintunan da jinin ya yi kafin ya shiga firiza.