Kafin a kai ga kwalba

Duk mutumin da aka ce masa an kwantar da jaririnsa a ɗakinmu, tambayarsa ta farko ita ce, "Sista, an sa shi a kwalba?" In na ce an sa, sai ya sauke ajiyar zuciya, ya koma gindin bishiya ya hau buga wa dangi waya. In kuwa na ce kwalaben duk a cike suke, nan take fuskarsa ta canza, gani yake an hana ɗansa magani. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kula da jarirai na wani asibiti a nan Bauchi, kafin nan kuma na yi aiki a ɗakin haihuwa. Abin da ɗakunan biyu suka koya mini shi ne kwalba, wato na'urar da ake sa jariri a ciki don ɗumama shi, ba ta kai matsayin da muke ɗora ta ba. Ɗumi take bayarwa da ɗan danshi, ta kuma raba jariri da hannun jama'a. Ba ta yi masa numfashi, ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta gyara ƙwaƙwalwar da ta rasa iska. Rai na Allah ne, amma yawancin jariran da ake miƙo mana, sababin wahalarsu ya riga ya auku sa'o'i da dama kafin su iso ƙofarmu.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai 1,000 da ake haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa a makon farko take faruwa. Abubuwa uku ne kan gaba: haihuwar bakwaini, rashin iska a lokacin haihuwa, da ƙwayoyin cuta. Na tsakiyar nan shi ya fi ci mini rai, don shi ne ya fi zuwar mana da ƙaton jariri, lafiyayye, wanda ya cika watanninsa, babu abin da ya same shi sai daɗewa a hanya.

Mutane da yawa ba su san abin da naƙuda take yi wa ɗan da ke ciki ba. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, tana matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, iskar da ke isa ga jariri ta ragu. Idan ta saki, sai ya farfaɗo kafin ta gaba ta zo. Haka aka halicce shi, yana iya jure wannan na wani lokaci. Amma idan kai ya ƙi sauka, ko ƙugu ya yi masa kaɗan, ko kwanciyarsa ba daidai ba, naƙuda ta kwana ta wuni, ƙarfinsa ƙarewa yake yi. Sau da yawa sai ya yi kashi a ciki, faya ta fashe ka ga ruwan ya fito kore, wani lokaci ma ya shaƙe shi ya shiga huhu. Shi ya sa babu abin da ke tayar mini da hankali irin in ji an ce, "Ai mun kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda." Allurar nan muna amfani da ita a asibiti, amma a cikin ruwa, ɗigo-ɗigo, ana sauraren bugun zuciyar jariri. Idan aka danna ta gaba ɗaya a gida, mahaifa takan murɗe ta ƙi saki, jariri ya rasa ɗan hutun nan, uwar kuma mahaifarta na iya fashewa.

A makaranta an koya mana jinkiri iri uku da wasu masu bincike, Thaddeus da Maine, suka bayyana a 1994: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isowa, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. A takarda layi uku ne. A aiki kuwa, na farkon yarinya ce mai cikin fari da kunya ta hana ta faɗa wa kowa tun magariba, sai da aka ji nishinta da asuba. Ko kuma gida cike da mata, kowa ta ga abin ya ƙi, amma maigida ya tafi kasuwar ƙauye, wayarsa ba ta shiga, babu mai ikon cewa a fita da ita. Na biyun shi ne neman mota da tsakar dare daga wani ƙauyen Ganjuwa ko Alkaleri ko Toro, da damina, rafi ya kawo. Na ukun namu ne, kuma ba na ɓoye shi: a iso a tarar babu jinin da ya dace, a rubuta kayan aiki a ce a je a sayo, a tsaya jiran wanda zai sa hannu a takardar tiyata, shi kuma yana can waje yana shawara da yayansa a waya. Duk wannan lokacin zuciyar jariri tana ta raguwa. Wanda ya taɓa zuwa cibiyar masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi ya san ɗaya ƙarshen labarin, domin da yawa daga matan da ke kwance can, naƙudar da ta jawo musu lalurar ita ce ta tafi da ɗan.

Idan jariri ya faɗo bai yi kuka ba, minti ɗaya ake da shi. Kusan ɗaya cikin goma na jarirai suna buƙatar taimako kafin su fara numfashi, kuma mafi yawansu taimakon ba mai tsada ba ne. Ki ɗora shi a busasshen zane, ki goge shi da ƙarfi, ki yar da jiƙaƙƙen, ki murza masa baya. In bai motsa ba, ki kwantar da shi, ki ɗan ɗaga haɓarsa, ki kifa masa ambu, wato 'yar jakar roba da ake matsawa ta tura iska cikin huhu, a hanci da baki, ki riƙa matsawa kamar sau 40 a minti, idonki a kan ƙirjinsa. In ƙirji bai tashi ba, iskar ba ta shiga, ki gyara riƙon. Ambu ba ya neman wutar nefa, kuma ga jaririn da ya cika wata iskar ɗaki ma ta isa a fara da ita. Na sha tsayawa a kan jariri jikinsa shuɗi, hannuwa a sake, ina matsawa ina ƙirgawa a zuci, uwar daga kan gado tana cewa, "Sista, me na samu? Me ya sa ban ji kukansa ba?" ba mai amsa mata. Can sai ya ja wani numfashi guda a wahale, launin ya fara sauyawa daga ƙirji, sannan a ji 'yar siririyar murya. Abin da ake yi a gida kuwa, a riƙe shi ta ƙafa kai ƙasa, a mammare shi, a yayyafa masa ruwan sanyi, duk cinye mintin nan yake yi, ya ƙara masa sanyi a kan rashin iska. Da ina da iko, kafin a sayi sabuwar kwalba guda a birni sai an tabbatar kowane ƙaramin asibitin ƙauye yana da ambu mai aiki da hannun da ya iya riƙe shi.

Sanyi kuwa mun raina shi ƙwarai, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salsiyas. Da hunturu sai a kawo mana shi a bayan acaɓa, an yi masa wanka tun a gida, an naɗe shi da atamfa guda, kai a buɗe, ki taɓa tafin ƙafarsa ki ji sanyi ƙalau. Jaririn da ya yi sanyi yana ƙona sukarin jikinsa don ya ɗumama kansa, sukari ya faɗi, numfashi ya ƙara rikicewa. Shawarar masana ita ce a jinkirta wankan farko har awa 24, kuma in za a yi tafiya da shi, a sa shi a ƙirjin babba, fata da fata, a rufa, a sa masa hula.

Wannan goyon ƙirji, wanda ake kira kangaru, a wani asibiti na birnin Bogota a Kolombiya aka fara shi a 1978, kuma ƙarancin kwalabe ne ya haife shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa ga bakwaini da duk wanda bai kai kilo 2.5 ba. A nan ne na gane matsayin kaka. Uwar da aka yi wa aiki, ko wadda jijjiga ta kayar, tana wani ɗaki daban, wani lokaci ba ta ma san inda take ba. Wadda ke zaune a bakin ƙofarmu da tabarma da fulas, kaka ce. Akwai wata dattijuwa da ta zo da jikanta bakwaini, 'yarta na kwance ba ta farfaɗo ba. Da na ce ta cire riga a ɗaura mata shi a ƙirji, sai ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "'Yar nan, goyo a baya na sani, shi na yi wa uwarsa." Na ce, "Inna, bayan naki ba zai ga numfashinsa ba, ƙirjin kuwa kina gani, kina ji." Ta yarda da ƙyar. Kwana biyu sai ga ta tana gyara wa sabbin zuwa ɗauri, tana faɗa musu kada su bari kan ya lanƙwashe. Maganar da zan yi sau goma ba a ɗauka ba, ita sau ɗaya take yi. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an bi ta da girmamawa.

Don haka duk bayanin da zan yi wa uwa, sai na kira kaka ta zauna, domin ita za ta yi wanka, ita za ta taɓa cibiya, ita za ta ce a kira wanzami. Ina gaya musu dakashi ba ƙazanta ba ne, shi ne rigakafin farko, ko jariri bai iya tsotso ba za a tatsa a ba shi ta robar hanci. Cibiya ba ta son gashi da tsumma, ba ta son toka ko man goge baki, man kulohezidin mai kashe ƙwayoyin cuta ya isa, kuma kada a kuskura ya kusanci ido. Cutar shawara in ta fito a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ba ta shanya a hantsi ba ce, ta shuɗiyar fitilar asibiti ce, wani lokaci har sai an sauya jini. A kuma raba kayan jariri da kafur, don akwai yaran da yake fasa musu jini. Ban taɓa cin nasara ba ta hanyar cewa al'ada jahilci ce. Abin da ke aiki shi ne in faɗi dalili, in kuma bar musu abin da ba ya cutarwa: a yi tofi, a yi addu'a, a yi masa huɗuba a kunne, duk ba mu hana ba, rubutu ne kawai muke roƙo kada a ɗura masa.

Rana ta biyar ko ta shida ita ce ranar rigima. Jariri ya fara kyau, allurai ba su ƙare ba, kuɗi sun ƙare, ga suna ya matso. Sai uba ya zo ya ce a sallame su. A nan ma tsawa ba ta amfani. Nakan ce, "Malam, ranar suna da asuba a ina ake raɗawa?" Ya ce a masallaci ko a ƙofar gida. "Jaririn yana wurin?" Sai ya yi murmushi. Na ce to a raɗa, a yanka rago, a kawo wa mai jego nata kason nan, taron mata a ɗaga shi. Wasu sun yarda. Wasu kuwa matsalar ba sunan ba ce, aljihu ne, kunya ta hana su faɗa, kuma sai an ja mutum gefe, ba a gaban surukansa ba, sannan zai faɗi gaskiya a san inda za a nema masa sauƙi. Akwai kuma waɗanda ke sa hannu su tafi, mu bi su da bayanin alamomin haɗari: ƙin kama nono, zafi ko sanyin jiki, numfashi da sauri, jijjiga.

Jijjigar jarirai ma ba irin ta manya ba ce. Wani ƙifta ido kawai zai riƙa yi, wani tsotsar leɓe, wani ya riƙa juya ƙafafu kamar mai tuƙa keke. Jaririn da ya rasa iska har ya kai ga haka, ko ya rayu, akwai yiwuwar abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Faɗin wannan ga iyaye ya fi kowane aiki nauyi a ɗakinmu, kuma akwai sauƙin a ce "ya warke, Allah ya raya" a sallame su cikin farin ciki. Ni ban yarda da haka ba. Iyayen da ba a gaya musu ba, in yaro ya kai wata biyar wuya bai tsaya ba, ko ya kai wata tara bai zauna ba, sai a ce iska ce ko maita, a yi ta yawon gidajen masu magani har lokacin da gashin ƙashi na asibiti zai fi amfani ya wuce. Nakan ce musu ba mu san gaibu ba, yara da yawa suna tashi lafiya ƙalau, amma ga abin da za a sa wa ido, ga ranar dawowa, kuma in an ga jinkiri a zo sashen gashi da wuri, a duba ji da gani.

Uwar ma ba na barinta ta tafi hannu sake. A katinta nake rubuta abin da ya faru da manyan baƙaƙe, in karanta wa maigidan da kaka: an yi mata aiki, ko hawan jini ya kai ta ga jijjiga, don haka ta huta kamar shekara biyu kafin wani cikin, ta fara awo da wuri, kuma haihuwa ta gaba a asibitin da ake tiyata za a yi ta. Sai in nemi maigidan ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa ko ba ya gari, ya ba da izini a fita da ita da zarar naƙuda ta fara, ya kuma faɗi mai motar da za a kira.