Kwana uku a Theth, a tsakiyar sanyi

Tun da na dawo Kumasi, duk wanda ya tare ni a Aboabo tambayarsa ɗaya ce: me ya kai ɗan Zango ƙasar Albaniya, kuma a tsakiyar sanyi? Gaskiya ban fita da wannan niyya ba. Na je Italiya ne ziyarar ƙanena, sai abokin aikinsa, wani ɗan Albaniya, ya ce zai je duba mahaifinsa da ya ƙi saukowa daga kan duwatsu, ya kuma matsa mana mu raka shi. Muka shiga jirgin ruwa daga Bari da daddare, gari ya waye mana a Durres, daga nan muka kama hanyar Shkodra, babban birnin arewacin ƙasar.

Tsakanin Shkodra da ƙauyen Theth kilomita saba'in ne da 'yan kai, amma hanyar sai ta hau wata mashiga mai tsayin fiye da mita 1,600 kafin ta gangara cikin kwarin, kuma sai a 2021 aka gama shimfiɗa mata kwalta. Duk da kwaltar, idan dusar ƙanƙara ta sauka da ƙarfi hanyar kan toshe, mutanen kwarin su yi kwanaki ba shiga ba fita. Direbanmu ya tsaya ya ɗaura wa tayoyi sarƙa tun kafin mu kai rabin hawan. Mutanen yankin suna kiran waɗannan duwatsu da sunan da ke nufin tsinannun duwatsu, ni kuwa da na leƙa ramin da ke gefen mota ban ga laifinsu ba. Hunturun da muke kuka da shi a Kumasi cikin Janairu, har mu kewaye gawayi da asuba, ban ƙara kiransa sanyi ba.

Gidajen na dutse ne, rufinsu na fallayen katako mai gangare sosai domin ƙanƙara ta riƙa zamewa. Yawancinsu a kulle muka same su, saboda iyalai kan sauka Shkodra da sanyi, su komo da rani lokacin da masu yawon buɗe ido ke cika kwarin. Mutanen Theth Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma cocinsu da ke tsakiyar fili an gina shi a 1892, shekarar da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga har fatakenmu na goro suka watsu neman wasu kasuwanni.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda tsohon, mahaifin abokin tafiyarmu, ya karɓe mu. Bai tambayi sunanmu ko garinmu ba sai da ya zaunar da mu kusa da murhun ƙarfe, wurin da shi kansa yake zama. Ya ɗauko barasar da suke kira raki, wadda a wajensu ita ce ruwan baƙo, ɗansa ya raɗa masa cewa mu Musulmi ne, sai ya mayar da kwalbar ba tare da ya ɓata rai ba, aka kawo mana shayin wani ganyen dutse da zuma. Uwargidan ta ware tukunya dabam don kada abincinmu ya haɗu da naman alade, ta dafa mana wake, ta haɗa da burodin masara da cuku da kindirmo. Da magariba ta yi, wadda a can takan faɗo tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, ita ce ta ɗumama mana ruwan alwala. Wannan a ƙasar da shugaban mulkin gurguzu, Enver Hoxha, ya rufe masallatai da coci-coci duka a 1967.

Na ɗauka halin kirkin mutum ɗaya ne, sai ɗan ya bayyana mana cewa doka ce. Suna da tsohuwar dokar gargajiya mai suna Kanun, wadda ake dangantawa da wani basarakensu na da, Leke Dukagjini, aka yi ta gadonta da baki har wani limamin coci, Shtjefen Gjecovi, ya tattara ta aka buga a 1933. A cikinta aka ce gidan ɗan Albaniya na Allah ne da na baƙo. Kalmar da suke kiran baƙo da ita, mik, ita ce kuma kalmar aboki, sannan alkawarin da ba a karyawa suna kiransa besa.

Nan take na tuna da labaran kakana game da maigida a zamanin fataucin Gwanja. Bafatake ya iso gari bai san kowa ba, maigida ne zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta tashi, kuma daga irin wannan sauka ne unguwanninmu suka sami sunan Zango. Bambancin shi ne namu maigidan ciniki ya haɗa shi da baƙonsa, yana da la'adarsa, nasu kuwa jini ne. Idan aka taɓa baƙo yana ƙarƙashin kariyar gida, to bashin ramuwa ya hau kan maigidan da 'ya'yansa maza.

Washegari muka taka cikin ƙanƙara har gwiwa zuwa wata hasumiyar dutse mai ƙananan tagogi kamar ramin ɓera. A da, a cikinta ne mazan da ake bin danginsu jini suke kulle kansu, mata su ci gaba da noma, har dattawa su sasanta ko a ƙayyade yadda za a biya. Yanzu gidan tarihi ce. Mulkin gurguzu ya danne ramuwar gayyar, amma bayan faɗuwarsa a 1991 ta sake ɗago kai a wasu sassan arewa. Na tsaya a cikin duhun nan ina jin nauyin abin, domin dokar da ta zaunar da ni a gefen murhu jiya ita ce ta gina wannan kurkuku, kuma ba zan iya yabon ɗaya in rufe ido ga ɗaya ba.

A rana ta uku direba ya aiko cewa ƙanƙara mai yawa na tafe, idan ba mu fita ba sai yadda hali ya yi. Na miƙa wa tsohon kuɗi, ya ture hannuna da fuskar da ta sa na ji kunya. Sai na tuna da sauran goron da na kai wa ƙanena daga Kumasi, na ɓare ɗaya na ba shi na ce, "Baba, wannan shi ne namu abin tarbar baƙo." Ɗansa ya fassara masa. Ya gatsa, ɗacin ya sa ya yamutsa fuska, amma bai tofar ba. Yana tauna shi ya raka mu da ƙafa har bakin gada, inda a al'adarsu nauyin baƙo yake sauka daga wuyan maigida, ya tsaya a nan har motar ta sha kwana.