Ranar masu sa barci, da "da sauƙi" ɗin Kawu

Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025. Aboabo, Kumasi.

Sai yanzu na samu na zauna, sha ɗaya saura na dare. Ƙafafuna sun yi nauyi, amma in ban rubuta yau ba, aikin gobe zai binne ta.

Na fita bayan asuba ana yayyafi. Koko da ƙosai a tsaye a bakin titi, trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Kejetia, wani kuma zuwa asibiti. Yau ce ranar masu ba da maganin barci ta duniya, domin a rana mai kamar ta yau a 1846 aka yi wa wani mutum aiki a wuya a gaban jama'a, a birnin Boston na Amurka, bayan wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa masa sinadarin eta mai sa barci. Mutumin bai yi ihu ba. Kafin ranar, ƙarti ake samu su danne majinyaci.

Ban ko ajiye jaka ba ungozoma ta aiko a kira ni. Yarinya ce 'yar Sawaba, cikin fari, tun la'asar ɗin jiya take naƙuda yaro ya ƙi saukowa, an yanke shawarar a yi mata aiki. Ungozomar tana ta yabonta, wai jaruma ce, ko tari ba ta yi ba. Da na leƙa sai na ga ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, gumi ya jiƙa matashi, zuciyarta a na'ura tana gudu kamar wadda aka koro. Na sunkuya na ce, "Ƙanwata sannu. Ina ne ya fi yi miki ciwo?" Jin Hausa kawai, hawaye suka ɓalle. Ta ce, "Yaya, kakata ta ce in na yi raki a haihuwar fari, gorin zai bi ni har tsufana."

Na zaunar da ita a bakin gadon tiyata, ta rungume matashi, ta lanƙwasa baya. Na laluba da yatsa can ƙasa tsakanin ƙasusuwa biyu, ƙasa da inda laka ta ƙare, na shigar da siririyar allurar a hankali har ɗigon ruwa garau ya leƙo a gindin allurar. Nan ne wurin. Na tura maganin. Ba a yi minti biyar ba ta ce ƙafafunta sun yi ɗumi, sun yi mata nauyi. Idona yana kan na'ura, don allurar baya takan sa awon jini ya faɗi ƙasa, amma na ga lokacin da goshinta ya saki. Shekaruna nawa a aikin nan tun da na fito daga makarantarmu ta Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wannan sakin goshin bai taɓa zame mini abin sabo ba. Namiji ta samu. Tana farke ta ji kukansa da kunnenta.

Da azahar muka yi ɗan taron ranarmu a ɗakin hutawa, da wake da shinkafa a ganye. Ni aka ɗora wa yin magana, na zaɓi John Bonica, wanda na kwana uku ina karanta tarihinsa.

An haife shi a 1917 a Filicudi, wani ɗan tsibiri kusa da Sisili a Italiya. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa New York, a 1932 kuma mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya faɗo kansa yana ɗan shekara 15. Ya yi gogen takalmi, ya sayar da jarida. Da na zo nan sai na tuna yaran da ke yawo a Adum da akwatin katako suna ƙwanƙwasa shi, waɗanda muke wucewa ko kallo ba su ishe mu ba. Kuɗin karatun likita kuwa da kokawa ya tara su. Kokawar kuɗi ta gaske, da sunan aro, wani lokaci fuska a rufe don kada malamansa su gane shi. Ya gama a jami'ar Marquette a 1942, ya auri matarsa Emma.

Haihuwarta ta fari ce ta kusa raba su. An shaƙa mata eta ba bisa ƙa'ida ba, numfashinta ya toshe, shi da kansa ya shiga ya buɗe mata hanyar iska. Tun daga nan ya ɗauki ciwon naƙuda a matsayin abin da ya wajaba likita ya tsaya a kai. Ina faɗar wannan ina tuna yarinyar safe da mayafinta a baki.

A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka ba shi shugabancin sashen sa barci a asibitin sojoji na Madigan a jihar Washington, yana da shekara 27. Can ya ga abin da littattafai ba su koya masa ba. Soja an yanke masa ƙafa, amma yana kukan yatsun ƙafar da babu ita suna masa zugi. Wani rauninsa ya warke sumul, amma ko riga ta taɓa wurin sai ya ji kamar garwashi. Da yawa cewa za su yi ƙarya ce, ko taɓin hankali. Bonica bai ce haka ba. Ya gaskata su, ya riƙa tara likitan ƙashi da na jijiya da na ƙwaƙwalwa su zauna a kan mutum ɗaya, tun da kowannensu gefe guda kawai yake gani. A 1953 ya fitar da littafi mai shafi wajen 1,500 a kan ciwo kaɗai. A 1960 ya kafa sashen sa barci na Jami'ar Washington a Seattle, inda ya buɗe wurin kula da masu ciwo mai haɗa fannoni daban-daban. A 1973 ya kira masana daga ƙasashe suka taru a Issaquah kusa da Seattle, daga taron nan ƙungiyar duniya ta nazarin ciwo ta fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, shi kansa cikin ciwo ya yi duk wannan. Kokawar da ta biya masa makaranta ta lalata masa gaɓoɓi, an yi ta yi masa aiki a kwatangwalo, da sanda ya ƙare tafiya. Ya rasu a watan Agusta na 1994, 'yan makonni bayan Emma. Wani ɗalibi ya tambaya ko ciwon nasa ne ya sa ya yarda da na wasu. Na ce ina zaton haka ne, don ciwon da ke jikin wani ba a ganinsa, sai dai a tambaya, in an faɗa kuma a yarda. Ƙungiyar tasa ma da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020 ta rubuta cewa a mutunta abin da mutum ya ce yana ji.

Bayan la'asar na fara yawon neman ruwan mofin na Kawu, maganin kashe raɗaɗi mai tsanani, da takardar likita a hannu. Wuri uku babu. A na huɗu na samu kwalba ɗaya. Wannan abin yana ƙona mini rai: maganin ba mai tsada ba ne, an san shi tun kafin a haifi kakanninmu, tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin hawa-hawa na rage raɗaɗin ciwon daji, daga farasitamol zuwa magani matsakaici zuwa mofin, amma mai bukata sai ya zaga gari, alhali taramol ana samunta a lungu ba tare da takarda ba.

Na isa gidan ana kiran magariba. Kawu yana kwance a tabarma ta gefen hagu, don dajin ya shiga ƙashin ƙugunsa. Na durƙusa na gaishe shi. "Kawu yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Amma hannunsa ya damƙe bakin tabarma har kabar ta tsinke a wurin. Inna ta yafito ni waje ta raɗa mini cewa kwana huɗu ke nan bai rintsa ba, in dare ya raba sai ta ji yana nishi ƙasa-ƙasa don kada ya tashe ta.

Da na fito da kwalbar sai ya juya kai. "Ba abin da ya haukata 'ya'yan unguwa ba ne? Ni da shekaruna, in je gaban Ubangiji a buge? Bar ni da jarrabawata, 'yar nan."

Ban yi masa gardama ba, don tsoronsa yana da tushe. Dukanmu mun ga samarin da taramol ta mayar da su abin tausayi a zangon nan. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla. Su masu lafiya ne suke sha barkatai don su ji daban. Nasa awo ne, likita ya ƙayyade, kowane awa huɗu, a sha kafin ciwon ya dawo ba bayan ya yi ƙarfi ba. Zai iya jin barci kwana biyun farko, cikinsa zai ɗaure, shi ya sa na haɗo da maganin sakin ciki. Hankalinsa yana nan.

Ya yi shiru. Sai na ce, "Kawu, kai ka koya mana a makarantar allo cewa Annabi Ayuba, da duk haƙurinsa, ya ɗaga murya ya ce wa Ubangijinsa cuta ta shafe ni. Kai kuma ka karanta mana cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ni yau ba da sauƙi nake tambaya ba. In goma ce ƙarshen azaba, kana nawa?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, tasbaha tana tsaye a hannunsa. Can ya ce, "Tara."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Shekara arba'in da wani abu suna tare, ta ce ba ta taɓa jin ya ambaci ciwo da bakinsa ba.

Na auna a sirinji, ya yi bisimilla ya sha. Na zauna ina ƙirga numfashinsa, muna hira sama-sama a kan tsadar goro. Wajen minti arba'in hannun ya saki tabarmar. Ya nemi ruwan alwala, ya yi isha'i a zaune, abin da ya gagare shi tun makon jiya. Ya ce wa Inna ko akwai sauran tuwo, ya ci loma biyar.

Na koya wa ƙaramin ɗansa awon, na rubuta lokutan da alli a bayan ƙofa. Ɗazu Inna ta kira ta ce ya sha na biyu, yanzu barci yake har da minshari. Na saita wayata ƙarfe uku saura na dare don in kira in tuna musu na gaba. Kwalbar ba za ta wuce kwana tara ba, gobe in na tashi aiki zan fara neman wata.